Kalma ɗaya, ma'ana 645

Makon jiya ɗiyar ƙanwata, wadda ke shirin zana jarrabawar WAEC, ta shigo mini da jaridar Turanci a hannu. Ta ce, "Kawu, me wannan mutumin ya yi wa gwamna da har yake gudu?" Na karɓa na duba. Ashe ɗan siyasa ne ke neman kujerar gwamna, jaridar ta yi amfani da kalmar "run". Ita kuwa tun tana firamare abin da aka dasa mata a ka shi ne "run" gudu ne, magana ta ƙare.

Ban ga laifin yarinyar ba ko kaɗan. Kalmar nan mai haruffa uku ta wahalar da masana Turancin kansu. A babban ƙamus na Oxford, wanda aka kammala bugunsa na farko a 1928, kalmar "set" ce ta daɗe tana riƙe da kambun yawan ma'ana, har ta kai 430 a bugun 1989. Da aka zo sabunta ƙamus ɗin, wani masani mai suna Peter Gilliver ya shafe wata tara a kan "run" kaɗai. Ya kammala a 2011 da ma'ana 645, kuma a matsayinta na aikatau kawai, ba a haɗa da inda take zuwa a matsayin suna ba.

Me ya kumbura ta haka? Zamanin inji ne. Da Turawa suka ƙera jirgin ƙasa da mota da injinan masaƙa, sai suka ari kalmar da suke faɗa wa mutum da doki suka ɗora wa ƙarfe. Daga baya kwamfuta ta zo, manhajar da ke aiki a cikinta ita ma aka ce tana "run". Mai shugabantar kamfani, kogin da ke malala, hancin mai mura, rinin da ya zuba a wanki, jikin da zazzaɓi ya kama, makin da ake ci a wasan kurket, duk kalma ɗaya ce ke ɗauke da su. Ko a 2007 da jama'a suka yi dafifi a ƙofar bankin Northern Rock a Ingila suna kwashe kuɗinsu don tsoron ya durƙushe, da wannan kalmar aka kira abin. Mu ma a Nijeriya mun ƙara mata kaya: ɗalibi ya ce zai yi "runs", kowa ya san satar amsa yake nufi.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne inda harsunan biyu suka raba hanya. Bature gudu yake yi ya nemi mulki, Bahaushe kuwa tsayawa takara yake yi. Bature ya ce mai ko abinci ya "run out", mu mu ce ya ƙare. Wanda ya fassara shugabancin kamfani da cewa wane "ya gudu da kamfanin" ya mayar da manaja ɓarawo a jimla ɗaya, kuma irin wannan kuskure ba wasa ba ne idan ya shiga labaran rediyo ko takardar kotu.

Kada kuma wani ya ɗauka Turanci ne kaɗai ke da wannan baiwa. Namu gudun ma ya haifi 'ya'ya: ruwa na gudana, shugaba na gudanar da mulki, ana kai gudummawa, akwai gudun hijira, akwai gudun duniya, har da gudawa. Balle a zo kan "ci". Mun ci tuwo, mun ci kasuwa, mun ci zaɓe, mun ci bashi, an ci amana, an ci mutunci, an ci sarauta, wuta ta ci gida, ƙasa ta ci gaba. Da na jero wa yarinyar waɗannan na tambaye ta ko za ta fassara su duka da kalmar Turanci ta cin abinci, nan take ta gane inda matsalar take. Minti biyar bai cika ba.

To ina aka yi sakaci? A aji. Har yau akwai makarantun da ake rubuta kalmomi a allo layi biyu, Turanci a hagu, Hausa a dama, yara su haddace su maimaita. Da haka ake yaye ɗalibin da ya san kalmomi dubu amma sakin layi ɗaya na jarida ya gagare shi. Littattafan da za su taimaka suna nan: Bargery ya fitar da ƙamus ɗinsa tun 1934, Roxana Ma Newman ta wallafa na Turanci zuwa Hausa a 1990, Jami'ar Bayero ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Ɗalibai nawa ne a makarantun gwamnati suka taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu?

Malaman Turanci, don Allah ku daina ba yara kalma tsirara. Ku ba su ita cikin jimla biyar ko shida, ku sa su nemo yadda Bahaushe ke faɗin kowace da bakinsa. Ma'aikatun ilimi na jihohinmu kuma su sayi ƙamus su ajiye a kowace makarantar sakandare, ko da kwafi goma ne.