Rijiyar Gari: Kowa Na Sha, Wa Ke Yashewa?

Duk wanda ya taɓa aika saƙon murya ta WhatsApp ya sha ruwan wata rijiya da bai san wanda ya haƙa ta ba. Ana matse muryar tasa ne da wata fasaha mai suna Opus, wadda aka tsayar da ƙa'idarta a 2012, aka kuma bar ta a buɗe don amfanin kowa. Haka nan manhajar VLC da muke kallon fim da ita a kwamfuta, ta dogara ne da FFmpeg, tarin tubalan sarrafa sauti da hoto da wani Bafaranshe, Fabrice Bellard, ya aza harsashinsa a 2000. Waɗannan su ake kira buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda aka bayyana rubutunsu na asali, kowa na da ikon ya duba, ya gyara, ya raba.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin damuwa tunda kyauta ne? Abubuwa biyu da suka faru a 'yan shekarun nan sun isa amsa.

Na farko ya shafi Audacity, manhajar naɗar sauti da tace shi, wadda Dominic Mazzoni da Roger Dannenberg suka fara a Jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka, ta fito a 2000. A 2021 kamfanin Muse Group ya karɓi ragamarta, ba da jimawa ba ya zo da shirin tattara bayanai kan yadda ake amfani da ita, sannan ya fitar da wasu sharuɗɗa da suka ambaci miƙa bayanai ga hukumomi. Nan take ƙura ta tashi. Da yake lasisin GPL ya ba kowa damar ɗaukar rubutun manhajar ya ci gaba da shi, wasu suka ɓalle suka kafa tasu mai suna Tenacity. Sakamakon ƙurar da ta tashi, kamfanin ya janye shirin farko, ya kuma sake rubuta sharuɗɗan. Da rufaffiyar manhaja ce, da sai dai a yi gunaguni a haƙura.

Na biyu kuwa ya nuna inda gizo ke saƙa. A ƙarshen 2025 masu kula da FFmpeg suka fito fili suna kuka cewa manyan kamfanoni irin su Google na turo musu rahoton kurakurai, alhali akasarin masu gyaran 'yan sa-kai ne da ba a biyansu. Gaskiya ne wata gidauniya ta gwamnatin Jamus ta ba aikin sama da Yuro dubu 150 a 2024, amma idan aka dubi irin dukiyar da ake tarawa a kansa, wannan cikin cokali ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu a Arewa wannan magana ta shafe mu kai tsaye, domin al'umma ce mu ta kunne. Rediyo, tafsiri, waƙa da fim, duk sauti ne. Amma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa kwafin sata na manhajoji masu tsada ya zama ruwan dare a ɗakunan tace sauti. Tun 2013 kamfanin Adobe ya koma tsarin biyan kuɗin haya maimakon sayarwa, kuma faɗuwar darajar naira daga 2023 ta ƙara nisanta ƙaramin gidan rediyo da biyan dala duk wata. Kwafin sata kuwa, ban da saɓa doka, ƙofa ce ta shigowar cutar kwamfuta. Ga hanya ta halal a buɗe, mun bar ta muna tsallake katanga.

Babban abin da ke cikin haɗari shi ne tarihinmu. Waƙoƙin Narambaɗa da Mamman Shata, da karatuttukan malamai da dama, suna kwance a kaset da faifan da zafi da ƙura ke ci kullum. Wanda ya juye su zuwa MP3 kaɗai ya zubar da wani ɓangare na sautin har abada, domin tsarin yana rage shi ne don ya yi ƙanƙanta. Tsarin FLAC kuwa, wanda ya fito a 2001, yana adana sauti ba tare da ya rage komai ba, kuma tunda a buɗe yake, jikokinmu za su iya sauraro ko da kamfanonin yau sun shuɗe.

Saboda haka ina ganin lokaci ya yi da za mu tashi daga sahun masu ɗiba kawai. Sassan koyar da aikin jarida su horar da ɗalibai da Audacity da Ardour. Cibiyoyi irin su Gidan Arewa da ke Kaduna da Jami'ar Bayero su jagoranci juye tsofaffin kasa-kasai zuwa buɗaɗɗen tsari. Hukumomi irin su NITDA da TETFund su ɗauki nauyin matasan da za su fassara waɗannan manhajoji zuwa Hausa, su kuma sa hannu wajen gyara su. Rijiyar da ba a yashewa, wata rana guga zai dawo da laka. Allah Ya sa mu farga.