Gangar da ta danne waƙa

'Yan'uwa matasa, ba za mu ɓoye muku ba: sabon kiɗan da masu buga mana ganga suka kwaso a YouTube bai dace da sujada ba. Turawa na ce masa bilas-bit. Hannu da ƙafa suna zuba duka ba numfashi, sai ka ce injin casar shinkafa a Kura. Ƙungiyar Napalm Death ta Ingila ta yi suna da shi wajen 1987, mawaƙinta yana gurnani, da kyar ake tsintar kalma. Mu kuwa Kalma muka zo ji.

Kun ce Zabura 150 ta ambaci kuge masu ƙara. Haka ne. To ku buɗe 1 Korantiyawa 14, inda Bulus ya nace a gane abin da ake faɗa domin ikilisiya ta ginu. In iyayenmu mata suka yi shiru tsakiyar waƙa don ba sa jin muryarsu, wa aka gina?

Kun san ban ruwa. Ruwan Tiga albarka ne, amma wanda ya sake shi gaba ɗaya kan dashen tumatir a Bunkure, asara zai kwasa. Saurin hannu baiwa ce, ku wasa shi ranar gwaji. Ran Lahadi, ganga ta bi muryar jama'a.