Waiwaye: Ba a Fafe Gora Ranar Tafiya

Idan watan Yuli ya raba tsakiya, unguwar Chaza ta Suleja kan shiga wani yanayi da duk mazauninta ya sani. Yara na fama da jarrabawar zango na uku, iyaye na lissafin kuɗin motar da za ta kai su wajen kakanni, ma'aikatan da ke sammako kullum su bi ta Madalla da Zuba zuwa Abuja kuwa sun fara ƙirga kwanakin da suka rage hutunsu na shekara ya kama. Kowa da irin shirinsa. Wannan ɗinki, wancan tsaraba, wani kuma taki zai saya ya je gida ya duba gona. Abin da ba kasafai yake shiga lissafi ba shi ne littafin da mutum zai karanta. Shi ya sa hutu kan zo ya wuce, a wayi gari waya ta cinye shi tas, mutum ya koma bakin aiki ba tare da ya ƙaru da komai ba.

Mu da muka yi makaranta a shekarun 1980 mun ga wata tarbiyya da ta kamata a tuna. Malaminmu na tarihi, Allah ya jiƙansa, yana da wani akwatin ƙarfe da yakan sa a ɗauko masa a makon ƙarshe kafin dogon hutu. Littattafan ciki duk sun sha hannu, ya yi wa kowanne riga da takardar buhun siminti, ya rubuta sunansa a kai da jan biro. Ba ya tambayar ɗalibi wane littafi yake so. Tambayarsa ita ce, "Me kake son ka sani?" Wanda ya tsaya inda-inda sai ya ce masa ya je ya yi tunani ya dawo gobe.

Wata rana wani ɗan ajinmu ya miƙe ya ce, "Malam, ni so nake in san dalilin da ya sa kakata har yau ba ta cewa Suleja, sai dai Abuja." Malam ya yi murmushi, ya tona can ƙasan akwatin, ya zaro wani siririn littafi. Ya ce, "Ungo. Kada ka dawo mini da shi da maiƙo, kada kuma ka dawo mini ba sabuwar tambaya."

Littafin shi ne tarihin Abuja da 'ya'yan garin nan biyu, Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, suka rubuta da Hausa, Frank Heath ya mayar da shi Turanci, ya fito a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. A ciki mai karatu zai ga yadda Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya lokacin jihadi, ya yiwo kudu da jama'arsa har Zuba, da yadda ya rasu a yaƙi wajen Lapai a 1825, da yadda ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin da ya ɗauki sunansa a 1828. Wanda ya san wannan ba zai yi mamakin jin ana kiran sarkinmu Sarkin Zazzau ba, zai kuma fahimci nauyin abin da aka bayar bayan dokar 1976 ta gwamnatin Murtala Muhammad, lokacin da sabon babban birni ya karɓi sunan Abuja, tsohon gari ya koma Suleja don girmama Sarki Sulaimanu Barau. Yaron nan ya dawo hutu yana ba mu labarin sarakuna kamar da shi aka yi, domin amsar tambayarsa ya je nema.

Darasin farko ke nan: tambaya ke gaba, littafi na biye. Littafin ilimi ba kamar ƙagaggen labari ba ne da zai ja ka da daɗin zance ko ba ka shirya ba. Sai kana da ƙishirwa yake shiga. Saboda haka kafin ka taka shagon littattafai, zauna ka tambayi kanka abin da ya daɗe yana yi maka yawo a rai. Me ya sa darajar Naira ke faɗuwa? Yaya aka yi juyin mulkin 1966 ya kai ƙasar nan ga yaƙin basasa? Me ke kawo hawan jini, tunda ya yi yawa a danginku? Ina asalin mutanen da kuke maƙwabtaka da su? Wanda ya shiga kasuwa da tambaya a hannu, kyan bango ba ya ruɗinsa.

Darasi na biyu ya fi wuya, kuma mu mutanen Suleja mun fi kowa dacewa da shi. Labarin jihadi da aka fi sani daga Sakkwato ya fito. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812, yana cikin waɗanda suka yi yaƙin da kansu. Wazirin Sakkwato Junaidu ya rubuta Tarihin Fulani. Murray Last ya zauna a Sakkwato ya yi aiki da takardun gidan Waziri, ya fitar da The Sokoto Caliphate a 1967. Waɗannan duka littattafai ne masu daraja, suna bayyana dalilan masu jihadi da irin gyaran da suka nufa. Tarihin Abuja kuwa muryar waɗanda suka fito daga Zariya ce, suka kafa gari tsakanin duwatsu suka tsare shi har zuwan Turawa a 1902. Wanda ya karanta ɓangare guda ya tsaya, zai fito da zafin kai. Wanda ya haɗa biyun a hutu ɗaya zai fito da natsuwa, ya gane cewa mutanen kirki kan kalli abu guda ta fuska biyu. Alƙali ba ya yanke hukunci sai ya ji ta bakin kowa, mai karatu ma haka ya kamata ya yi. In za ka ɗauki My Life na Sardauna Ahmadu Bello, wanda ya fito a 1962, to ka nemi wani littafi a kan Malam Aminu Kano da gwagwarmayar jam'iyyar NEPU ka ajiye a gefensa.

Na uku, a tambayi marubuci inda ya samo. Mu da muka tashi cikin karatun addini mun san darajar isnadi: ba a karɓar magana sai an san wanda ya ji daga wa. Wannan ma'auni yana aiki a kan kowane littafin ilimi. A tasha da bakin titi za ka ga an shimfiɗa littattafai masu ƙyalli, galibinsu bugun sata, suna alkawarin arziki cikin wata guda ko sirrin mallakar zukatan mutane. Ɗauki ɗaya ka juya bayansa. Wane ne marubucin? Me ya yi a rayuwarsa da ya ba shi ikon yin wannan magana? Akwai manazarta a ƙarshe, ko kuwa daga shi sai bakinsa? Wace maɗaba'a ce ta buga, a wace shekara? Daga nan ka buɗe tsakiya ka karanta shafi biyu a tsaye. Mai sayen hatsi ba ya yarda da abin da aka zuba a saman buhu, hannu yake zurawa har ƙasa. In ka ga shafi biyun nan maimaici ne da kirari, babu suna, babu wuri, babu shekara, ajiye shi ka yi gaba.

Wani kan ce ai irin waɗannan littattafai sai mai Turanci. Wannan magana ta wanda bai waiwaya ba ce. Tun da aka kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Kamfanin Gaskiya a Zariya a 1945, da hukumar NORLA a shekarun 1950, da kamfanin buga littattafai na NNPC a 1966, ake buga littattafan ilimi da Hausa tsantsa. Alhaji Abubakar Imam, wanda aka fi sani da Magana Jari Ce, ya bi tawagar 'yan jaridar Afirka ta Yamma zuwa Ingila a 1943 ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Ga wanda hutunsa na tafiya ne, da wuya a sami abokin hanya da ya fi shi, domin yana koya wa matafiyi yadda ake kallon baƙon wuri da idon basira. Imam da Rupert East suka rubuta Ikon Allah a kan halittu da al'amuran duniya, littafin da har gobe zai buɗe wa yaro ido. Malam Aminu Kano ya bar mana Motsi Ya Fi Zama, Alhaji Abubakar Dokaji ya rubuta Kano Ta Dabo Cigari, Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya tattara tarihin rubuce-rubucen Hausa a littafinsa Hausa a Rubuce a 1988. Wanda ya riƙe wannan na ƙarshe ya sami jagora zuwa ga sauran.

Kada kuma zaɓin ya tsaya a kan sarakuna da yaƙe-yaƙe. M. G. Smith ya rubuta Government in Zazzau a 1960, ya dogara ƙwarai da bayanin tsarin sarautar Abuja wajen gano yadda mulkin Zazzau yake kafin jihadi. A daidai lokacin da yake bin fada-fada, matarsa Mary Smith tana cikin gida tare da wata dattijuwa, tana rubuta abin da take faɗa da Hausa. Daga nan aka sami Baba of Karo a 1954, inda tsohuwar ta ba da labarin aure da kishi da ƙawance da goyo da harin bayi da zuwan Turawa, kamar yadda mace ta gan su daga tsakar gida. Duk uwar da ta karanta shi za ta ji muryar kakarta. Haka nan duk wanda ya riƙe takardar Naira 20 ya riƙe hoton Ladi Kwali, wadda ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta garin nan a 1954, ta zama mace ta farko a cikinta. Michael Cardew, wanda ya kafa cibiyar, a gidan Sarki Sulaimanu Barau ya fara ganin tukwanenta. Littafin Cardew, Pioneer Pottery na 1969, yana bayanin yumɓu da gashi da murhu, kuma ƙasar nan tamu na cikin wuraren da ya tara wannan sani. Matashin da ke neman sana'ar hannu zai fi amfana da irinsa a kan littafin alkawarin arziki goma.

Sai batun yawa. Kwaɗayi kan sa mutum ya tara tuli, ya ɗanɗana wannan ya ɗanɗana wancan, hutu ya ƙare bai kammala ko ɗaya ba. Biyu ko uku sun wadatar: ɗaya mai nauyi na bayan sallar asuba lokacin da kai ke sarari, ɗaya mai sauƙi na cikin mota ko bayan la'asar. Wanda ya ga dama ya ƙara da na sira, irin Ar-Rahiƙul Makhtum na Safiyur Rahman Mubarakfuri, a riƙa karanta babi guda da dare iyali na saurare. A tanadi ƙaramin littafin rubutu da biro, duk abin da ya tsaya a rai a rubuta shi tare da lambar shafi. Yara kuma a ba su dama su zaɓa da kansu, sai dai a yi musu irin tambayar Malam, a kuma saurare su idan sun gama. Yaron da ya san mahaifinsa zai ce masa, "To, ba ni labari," karatunsa daban ne.

Abin da ya sa nake wannan magana tun hutu bai kama ba shi ne, littafi mai kyau ba ya zuwa da kansa. Da yawa daga waɗanda na ambata sun yi wuyar samu a shago. Sai an aika Zariya ko Kano, ko an leƙa ɗakin karatu na ƙasa a Abuja, ko Gidan Arewa a Kaduna, ko an nemi kwafin da aka ɗora a intanet, ko an je an durƙusa gaban wani tsohon malamin makaranta an ce, "Baba, aron littafi na zo." Irin waɗannan dattawa suna nan a Chaza da cikin gari, akwatunansu na ƙarƙashin gado, gara da danshin damina na yi musu barazana, kuma babu abin da ke faranta musu rai kamar a zo neman abin da suka adana. Duk wannan yana cin lokaci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Akwai kuma wata riba da ke biyo baya. Tarihin da Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu suka rubuta ya riga maganar sabon birni. Abin da ya faru daga 1976, da ƙaurar gwamnati daga Legas a 1991, da yadda jama'a suka kwararo har gonaki suka koma unguwanni, mafi yawansa yana bakin iyayenmu da suka gani da idonsu. Wanda ya karanta tsohon tarihin ne kaɗai zai san inda aka tsaya, ya san abin da zai tambaye su. Mutanen nan biyu ba su jira baƙo ya zo ya rubuta musu garinsu ba. Ina fata cikin yaran da za a danƙa wa littafi a wannan hutu a sami wanda zai ɗauki biro ya zauna gaban kakarsa, ya ɗora daga inda suka tsaya. Allah ya sa mu yi hutu lafiya, ya kuma amfanar da mu abin da muka karanta.