Karnuka 15 Aka Ɗaure, 2 Aka Tarar Da Rai



Yau rigimata da finafinan karnukan nan ce da ake kira na iyali, waɗanda za a jefa kare cikin ƙanƙara ko ƙungurmin daji, a bar shi da yunwa da sanyi, sai an tatsi hawayen yara da iyayensu sannan a dawo da shi yana kaɗa bindi. Na san wani zai ce me ya haɗa zauren marubuta da fim ɗin kare. Abin da ya haɗa mu shi ne, cutar da ke jikin waɗannan finafinai ita ce take cin rubutunmu: mai labari ya ci bashin tashin hankali, ranar biya kuma a neme shi a rasa.

Mu ɗauki Eight Below, wanda Disney suka fitar a 2006, Paul Walker ya ja shi. Masu bincike 'yan Amurka ne a Antaktika, guguwar ƙanƙara ta taso, aka kwashe mutane a jirgin sama, aka bar karnuka 8 a ɗaure da niyyar za a dawo a ɗauke su. Dawowar ba ta yiwu ba sai bayan watanni. Da aka koma, 6 na nan da rai. Kowa ya share hawaye ya tashi da murmushi.

To ga asalin labarin. A watan Fabrairun 1958, ayarin binciken Japan ya bar sansanin Showa da ke Antaktika. Jirgin ruwansu mai suna Soya ya kasa ƙarasawa saboda ƙanƙara, aka kwaso mutanen da ƙaramin jirgin sama, aka bar karnuka 15 a sarƙa, bisa tsammanin ayari na biyu zai iso cikin 'yan kwanaki ya karɓe su. Yanayi ya hana ayarin sauka. Sai a Janairun 1959, kusan shekara guda, aka sake taka wurin. Karnuka 7 aka tarar sun mutu a jikin sarƙarsu, a daidai inda aka ɗaure su. Guda 8 sun suɓuce, 6 daga ciki ba a same su ba. Biyu kacal suka tarbi mutane, Taro da Jiro, 'yan uwan juna.

Ku dubi lissafin da kyau. An ɗauki labarin da kusan kowa ya mutu, an mayar da shi labarin da kusan kowa ya rayu. Abin da ya fi ba ni haushi ma shi ne, fim ɗin bai cire laifin ba. Ya nuna mai kula da karnukan yana ƙara matse musu maɗaurin wuya kafin ya tafi, don kada su kwance su ɓata. Wannan shi ne ƙashin bayan labarin gaba ɗaya: mutum ya yi abu don ƙauna, abin ya zama ajalin wanda yake ƙauna. Wanda ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Amma sai fim ɗin ya bar tsohon kare ɗaya tal ya mutu a sarƙa, ɗayan kuma aka ce faɗowa ya yi daga tudu. Tauraro ya dawo, an rungumi juna, har da soyayya a gefe. An yafe masa tun bai gama jin ciwon abin da hannunsa ya aikata ba.

Za a ce ai ƙirƙira ce, mai labari yana da 'yancin sauya abin da ya so. Na yarda. Babu wanda ya ga yadda Taro da Jiro suka yi waɗannan watanni, don haka duk mai ba da labarinsu dole ya ƙaga. Tambayar ita ce, wane gefe sauyin yake karkata kullum? A littafin The Call of the Wild da Jack London ya wallafa a 1903, kare Buck ya yi faɗan shugabanci da Spitz, Spitz ya mutu a wurin. Mugayen masu karnukan kuma ƙanƙara ta rufta da su tare da sauran karnukan da suka galabaita. A fim ɗin 2020 na Harrison Ford, Spitz ya sha kaye ya yi tafiyarsa daji, sauran karnukan kuma aka ce guduwa suka yi. Duk inda wuƙa take da kaifi, nan ake zuwa a dakusar.

Za a kuma ce don yara aka yi, ba a son a firgita su. Wannan hujjar ce ta fi rauni. Disney ɗin nan su ne suka yi Old Yeller a 1957, inda yaro ya ɗauki bindiga ya harbe karensa da hannunsa bayan ya kamu da ciwon hauka wajen kare iyalin daga kyarkeci. Fim ɗin iyali ne, kuma har yau ana maganarsa saboda wannan harbin. Mu kanmu da wace irin tatsuniya aka yaye mu? Kura tana cin mutum, dodo yana haɗiye yarinya, kishiyar uwa tana kisa, kuma da daddare ake ba mu, mu kwana da ita.

Saura hujjar kasuwa, wai mutane ba sa sayen baƙin ciki. Japanawa sun yi nasu fim ɗin a 1983, Nankyoku Monogatari, Ken Takakura ya fito a ciki. Ba su taɓa lissafin ba, 15 aka bari, 2 aka samu, suka kuma bi mutumin da ya bar karnukan yana yawo gida-gida yana bai wa masu su haƙuri. Fim ɗin ya riƙe kambun fim ɗin Japan da ya fi kawo kuɗi a ƙasar har zuwa 1997.

Yanzu mu dawo gida. Ke da kike sakin littafi shafi-shafi a WhatsApp, kin ɗora wa tauraruwarki ciwon da likita ya ce ba ya warkewa, kin shafe babi 30 kina sa mu kuka. Da aka zo gaɓar da ya kamata ta cika, sai masu karatu suka cika miki akwati da roƙo da barazanar daina bi, sai ga wani likita daga Indiya ya ce kuskuren gwaji ne. Kai kuma da ka sa tauraronka ya saki matarsa saki uku cikin fushi, sai a babin ƙarshe a gano ashe a mafarki ya yi. Maɗaurin wuyan nan ne kuka matse, kuka kuma ƙi bari ya shaƙe kowa. Mai karatu zai yi muku godiya a daren, amma a littafi na gaba ba zai ƙara jin tsoro ba ko kun rataye tauraron a bakin rijiya, don ya riga ya gane ba za ku sake shi ba.

Kada wani ya fahimce ni a kan cewa a riƙa kashe taurari don a nuna jarumtar alƙalami. Wannan ma wata arahar ce, akwai masu yinta, kuma ba ta fi waccan daraja ba. Taro da Jiro ai sun rayu, kuma murnar ganinsu ta girgiza Japan. Sai dai nauyin murnar daga gawarwaki 7 da ke kwance a sarƙa ya fito. Jiro ya mutu a can Antaktika a 1960, Taro ya koma gida ya rayu har 1970 a Sapporo.

Wanda yake ganin Eight Below ya yi daidai da ya ceci 6 cikin 8, filin sharhi a buɗe yake. Ya zo ya faɗa mana abin da matse maɗaurin nan ya jawo wa tauraron fim ɗin, ban da 'yan watannin damuwa.