Daga Kogin Pra zuwa Wechiau: wa ya fi iya gadin ƙasa, soja ko mai ita?

Tun 2017 gwamnatocin Gana ke tura sojoji daji yaƙi da galamsey. An yi Operation Vanguard, an yi Operation Halt inda aka riƙa cinna wa motocin haƙa wuta, yanzu kuma ga sabbin masu gadin ruwa da gwamnatin Mahama ta ɗauka. Amma duk wanda ya ratsa gadar Pra ko Ankobra ko Offin ya leƙa ƙasa, abin da zai gani kamar koko ne aka dama. A watan Agusta na 2024 kamfanin ruwa na ƙasa ya fito ya ce gurɓacewar ruwan da ke shiga matatarsa ta Sekyere Hemang ta kai maki 14,000, alhali an gina injinan ne don maki 2,000, shi ya sa famfunan Cape Coast da Elmina suka ƙafe. A farkon 2025 ministan filaye ya shaida wa majalisa cewa gandun daji 44 cikin 288 na ƙasar masu haƙar zinariya sun shige su, tara daga ciki ma ma'aikatan gandun daji ba sa iya taka ƙafa. Ba mu kuma manta da ranar 6 ga Agustan 2025 ba, da jirgi mai saukar ungulu ya faɗi da mutum takwas, cikinsu har da ministan muhalli Alhaji Ibrahim Murtala Muhammed, suna kan hanyar Obuasi wajen taro kan wannan matsala. Allah Ya jiƙan su.

To, a wannan ƙasa ɗaya, can arewa maso yamma, akwai wani yanki na kogi da ba soja ke gadinsa ba, kuma ya fi shekara ashirin da biyar yana tsaye. Sunan wurin Wechiau, a gundumar Wa ta Yamma, inda Baƙin Volta ya raba Gana da Burkina Faso. Garken dorina biyu kaɗai suka rage a Gana, ɗaya a Bui, ɗaya a nan. Lokacin da hukumar namun daji ta zo da shawarar mai da wurin gandun gwamnati, Wechiau Naa da sarakunan da ke ƙarƙashinsa suka ƙi. Sun san abin da gandun gwamnati ke nufi: a shata iyaka, a kawo masu kaki, manomi da masunci su koma ɓarayi a ƙasar kakanninsu. Sai a 1998 suka kafa nasu, mai tsawon kilomita 40 a bakin kogi, ƙauyuka 17 a ciki. Suka ware gaɓar kogi suka hana noma da farauta a cikinta, suka bar sauran ƙasar ana noma ana zama. Masu gadi 'ya'yan ƙauyukan ne. Kuɗin baƙi masu zuwa kallon dorina a kwale-kwale yana shiga asusun jama'a, kuma da taimakon abokan hulɗa irin su gidan namun daji na Calgary a Kanada aka samu rijiyoyin burtsatse da makarantu da fitilu masu aiki da hasken rana.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne kaɗanya. Mata ke tsintar ta a dajin da aka kare, kuma tunda ba a fesa magani a wurin, ana sayenta da daraja a kasuwar waje. Matar da ta san kuɗin makarantar ɗanta a bishiyar kaɗe yake, ai ba sai an karanta mata doka ba kafin ta yi ihu in ta ga mai gawayi ya nufo da gatari. A 2008 wurin ya ci kyautar Equator ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba aljanna ba ce fa: dorina tana shiga gona, kuma masu neman zinariya sun fara leƙa Baƙin Volta ɗin ma. Amma dorinar tana nan, kogin kuma ba a mai da shi koko ba.

Me ya raba Wechiau da Pra? Wani zai ce zinariya, kuma yana da gaskiya, don ba a haɗa kuɗin kallon dorina da kuɗin zinariya. Sai dai akwai wani abu a dokar ƙasa da ba a cika faɗa ba. Kusan kashi 80 cikin ɗari na filayen Gana suna hannun sarakuna da dangogi, amma sashe na 257 na tsarin mulkin 1992 ya ce duk ma'adinin da ke cikin ƙasa ko cikin ruwa na jamhuriya ne, a hannun shugaban ƙasa. Haka bishiyar katako da ta tsiro da kanta a gonarka: tun dokar 1962 ikon sarrafa ta na gwamnati ne. Ana iya ba ɗan kwangila izini daga ofis ya zo ya sare ta, ta faɗo kan kokon da ka shuka, a bar ka da cizon yatsa. Shi ya sa manoma da yawa a kudu suke kashe irin waɗannan bishiyoyi tun suna ƙanana. Mutumin da aka nuna wa cewa abin da ke ƙarƙashin gonarsa da abin da ke samanta duk ba nasa ba ne, in mai haƙa ya zo da jakar sidi, me kake so ya yi?

'Yan'uwanmu na Nijar sun taɓa shiga irin wannan. Dokar da suka gada daga Faransa ta mai da itatuwa na gwamnati, manomi yana tsoron tara, don haka yana sassabe gona tas. Daga shekarun 1980, a jihohin Maradi da Damagaram, aka fara abin da suke kira sassabin zamani: a bar kututture ya yi toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a rene su. Da manoma suka tabbata gawon da suka rena nasu ne, ba mai zuwa ya ci su tara, sai abin ya bazu daga gona zuwa gona. Ƙiyasin da aka fi ambata shi ne hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Babu wani shirin dashen itace na gwamnati a yankin Sahel da ya kusanci wannan adadi.

Duniya ma ta fara karkata nan. A Montreal a 2022 ƙasashe sun amince a kare kashi 30 cikin ɗari na ƙasa da ruwa kafin 2030, tare da mutunta haƙƙin 'yan asalin wuri, sannan a taron Cali na Kolombiya a 2024 aka ba su kujera ta dindindin a yarjejeniyar. A Gana akwai tsarin CREMA, wanda ke miƙa wa jama'a ikon kula da dajinsu da namun dajinsu. An fara shi wajen 2000, yanzu akwai fiye da talatin, kuma dokar namun daji ta 2023 ta ba shi gindin zama. Amma ikon CREMA ya tsaya a kan dabba da ciyawa. Lasisin haƙar ma'adini daga Ankara yake fitowa.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa da an ce "a bar wa masu ƙasa" shi ke nan magana ta ƙare. Injin canfan ba ya hawa kogi ba tare da wani a garin ya sani ba. Asantehene da kansa ya tuɓe sarakuna saboda hannu a galamsey. Sarki ba shi ne jama'a ba. A Wechiau ba fada kaɗai ke yanke hukunci ba, akwai kwamiti da wakilan ƙauyuka ke zama a ciki, kuma a ganina nan ne ƙarfin abin yake.

Nan ne kuma maganar ta zo ƙofar gidanmu. Ƙabilu huɗu ke zaune a yankin Wechiau: Wala, waɗanda su ne masu ƙasa a al'ada, sai Birifor da Dagaaba, sai Hausawa, masuntan da suka biyo kogi suka zauna. Duk dokar da aka kafa kan kamun kifi, a kan masuncin nan take fara sauka, don shi ke kwana a ruwa, shi ya san inda dorina ke kiwo da inda take haihuwa. A yawancin Gana mutumin zango, ko kakansa a nan aka binne shi, baƙo ake ce masa in an zo maganar ƙasa. Bafulatani makiyayi ya fi shi shan wannan. Idan "jagorancin 'yan ƙasa" ya zama kalmar da za a fake da ita a kori masunci da makiyayi da mai gawayi daga wurin cin abincinsu ba tare da an zauna da su ba, to an sauya wa mai kaki riga ne kawai. Abin da ya faru a Gbiniyiri a Agustan 2025, ba nisa da wannan kogi, ya isa gargaɗi: rikici kan sayar da fili ya ci rayuka aƙalla 31, dubban mutane suka gudu, wasu suka haye Baƙin Volta zuwa Kodebuwa.

Mu ma da namu nauyin. Gawayin da ake dafa waake da shi a Nima da Aboabo, kaso mai yawa daga dazuzzukan arewa da tsakiyar ƙasa yake zuwa, kuma kaɗe na cikin itacen da masu ƙonawa suka fi so saboda ƙarfin wutarsa. Akwai samarinmu a ramukan galamsey, akwai 'yan kasuwarmu a cinikin zinariya da na shanu. Sarakunan zango da sarakunan Fulani da shugabannin masunta suna da bakin magana a fadar masu gari, sai dai galibi ba a ganinsu sai wuta ta tashi. A gundumomin arewa inda ake kafa sabbin CREMA, lokacin rubuta ƙa'idoji ne ake tsai da wa zai shiga kwamiti, ina ne burtali, wane wata za a rufe su, nawa ne tara. Majalisar gunduma ce ke amincewa da ƙa'idojin, kuma da zarar ta sa hannu, da su za a kama mutum.