Kuɗin ƙananan hukumomi: Wa zai biya malamin firamare?

A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya, ba tare da ya bi ta hannun gwamnoni ba. Jama'a sun yi murna. A ƙarshen watan kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu kan dokar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, aka ƙara wa ƙananan hukumomin kaya tun kuɗin ba su iso ba.

Kasonsu a asusun tarayya kashi 20.60 cikin 100 ne, na jihohi 26.72. A jihohi da dama, daga wannan kason ake cire albashin malaman firamare da na ma'aikatan asibitocin sha-ka-tafi, da fansho, da rabon masarautu. Abin da ya rage wa ciyaman sau da yawa ba ya isa yashe magudanar ruwa, balle gina aji.

Ba haka kundin tsarin mulkin 1999 ya tsara ba. Cewa ya yi ƙaramar hukuma ta sa hannu wajen samar da ilimin firamare da kiwon lafiya. Bai ce ta ɗauki nauyin ita kaɗai ba. Sai dai duk sanda aljihun jiha ya yi zafi, nauyin kan gangara ƙasa ne. Gwamna ya riƙe gadar sama da za a buɗe da kaɗe-kaɗe, ya bar wa ciyaman albashin wata-wata da babu mai yabawa.

An ga sakamakon a Abuja, inda ma babu gwamnan da za a zarga. A 2025 malaman firamare sun shafe fiye da wata uku suna yajin aiki saboda ƙananan hukumomin birnin ba su biya sabon albashin ba. 'Ya'yan talakawa ne suka zauna a gida.

Gwamnonin da ke jan ƙafa wajen bin hukuncin ba su da hujja. Amma tura kuɗi kaɗai ba zai raba gardama ba. Ya kamata kowace majalisar dokokin jiha ta fayyace a doka nawa jiha za ta biya daga albashin malamai da ma'aikatan lafiya, nawa ƙaramar hukuma za ta biya, sannan a wallafa abin da aka cire duk wata.