A Mayar wa Mata Takobinsu

Bana ma sun fito da tsohuwar hujjarsu: wai yaran zamani ba za su yarda mace ta fito a matsayin yarima ba. Da wannan magana manyan gidajen wasan Birtaniya suka kusa binne al'adar da ta haura shekara ɗari a fanto, wasan kwaikwayonsu na Kirsimeti, inda mace ke sa dogon takalmi, ta rataya takobi, ta zama Aladdin ko Dick Whittington.

Wane yaro ne ya kai musu kuka? Yaron da ya amince mutum biyu cikin riga ɗaya saniya ce, ya amince ƙato mai kakkaurar murya uwar Aladdin ce, shi ne zai rikice don mace ta zare takobi? Gurbin gyatumar nan da maza ke cikewa kuwa ba mai taɓa shi. Dan Leno ya yi ta a Drury Lane, Ian McKellen ya yi ta a Old Vic a 2004, ya ƙara a 2022, aka yi ta tafi.

Maganar kuɗi ce, a daina kwana-kwana. Tun da Norman Wisdom ya zama Aladdin a Palladium ta Landan a 1956, masu shirya wasa suka ɗanɗana kasuwar tauraro namiji. Cliff Richard ya biyo baya a 1964. Yau duk wanda ya ɗan leƙa talabijin, ya iya waƙa ko bai iya ba, sai a manna hotonsa a bango a miƙa masa matsayin da mata irin su Vesta Tilley da Dorothy Ward suka yi fice a kansa. Abin takaici ne.

Wasu na cewa don a ga ƙafafun mata aka raya abin a zamanin Sarauniya Victoria. To, a sauya tufafin mana! Sarauniya Elizabeth ta Biyu, tana gimbiya, ta fito a Aladdin a fadar Windsor a 1943, ba wanda ya ce ta zubar da mutunci.

Halin hana mata gurbi ma daɗaɗɗe ne. Sai a 1660 aka bar mata suka hau dandamali a Ingila. Kafin nan samari ne ke fitowa a matsayin mata irin su Juliet. Masu gidajen wasa, ku mayar wa mata takobinsu a Kirsimeti mai zuwa.